Ofishin tafiye-tafiyen da ya hana ni sayen tikiti mai araha

Shekarata goma sha bakwai a Jidda, kuma hanya guda na sani a jirgin sama: Jidda zuwa Kano, in sauka in hau mota zuwa Zariya, in hutu ya ƙare in juyo. Wannan tafiya ba ta neman shawarar kowa. Shi ya sa da maigida ya ajiye aiki a farkon 2025 ya ce yana so mu shiga jirgin ruwan shaƙatawa, na ɗauka abu ne da zan gama a waya cikin dare ɗaya.

Shi haifaffen Makka ne, a Misfala ya tashi. Kakansa ya baro ƙasar Kano a ƙafa, ya yi shekaru yana noma a Sudan yana tara guzuri, sannan ya tsallako Bahar Maliya daga Sawakin a jirgin katako. Da wannan labari aka raine shi. Tun 2021 da manyan jiragen shaƙatawa suka fara tsayawa a tashar Jidda yake cewa shi ma yana so ya kwana a kan teku tun yana da sauran ƙarfi. Sai dai ba na nan kusa yake so ba. Zafin Jidda ya ishe shi, ƙasar sanyi yake marmari, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu. Wuri biyu ya ambata, Alaska da Norwe.

Na Norwe na fara dubawa: jirgi mai tashi daga Kofenhagen, babban birnin Danmak, ranar Lahadi da yamma, ya yi kwana bakwai ya dawo inda ya tashi. Na kuma samo tikitin jirgin sama a intanet mai sauƙin kuɗi. Kamfani ɗaya zai kai mu Istanbul, wani kamfanin ya ɗauke mu zuwa Kofenhagen, mu sauka da hantsin ranar Lahadin, mu wuce tashar jirgin ruwa kai tsaye. Ba kuɗin otal, ba ɓata kwana. Saura kaɗan in biya, sai maƙwabciyata, wata Bakatsiniya da mijinta ke yawan tafiya, ta ce in dakata, akwai wani ofis can wajen tsohon gari, in je in nuna musu tukuna, tambaya ba ta cin kuɗi.

A watan azumi muka je, bayan tarawihi. Ofishin yana saman wani shagon turare, teburi uku ne da kujerun jira da fulas ɗin shayi. Yawancin aikinsu tikitin Kano da Yamai da Njamaina ne, sai hidimar masu Umara. Mai wurin Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno, dattijo mai farin gemu, kowa Ustaz yake ce masa. Hausarsa irin ta kakanni ce, Istanbul ma Santambul yake ce mata. Da na miƙa masa wayata bai ko kalli farashin ba.

"Hajiya, fasfo nawa ne a gidan?"

Na ce biyu.

"Na ƙasa ɗaya?"

Na ce a'a, duk koraye ne dai, amma na Alhaji na Saudiyya ne, nawa na Nijeriya, ina zaune da igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya.

"To, ai tafiya biyu za mu shirya ke nan, mu haɗa su a kujera ɗaya."

Daga wannan tambaya duk aikin ya fara, kuma ita ce intanet ba ta taɓa yi mini ba.

Alaska ya fara cirewa, cikin minti biyar. Jiragen da ke zuwa can kusan dukkansu suna taɓa Amurka da Kanada, don haka biza biyu zan nema, kowacce da nata jiran. Daga Istanbul zuwa Bankuba ta Kanada, inda za mu hau jirgin ruwan, kuma tafiyar kusan awa goma sha biyu ce a sama, sannan agogonsu yana bayan na Jidda da awa goma a lokacin bazara. Ya dubi maigida, wanda ke fama da ciwon suga da guiwa, ya ce: "Alhaji, tafiyar farko kada ta zama wadda za ta hana ka ta biyu." Danmak da Norwe kuwa awa ɗaya kacal suke bayan Jidda a watan Yuli, Turkiyya ma agogonmu ɗaya da su. Ba ruwan mutum da rikicewar barci, ba ruwansa da sauya lokacin allurar insulin.

Sannan ya koma kan tikitina mai araha, ya sa in ƙara girman rubutun, ya nuna mini wasu haruffa uku masu nuna filin jirgi da ban kula da su ba. Istanbul filin jirgi biyu gare ta. Akwai babban sabon filin da ke ɓangaren Turai, wanda aka koma cikinsa gaba ɗaya a 2019, akwai kuma Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya. Tikitina zai sauke mu a na Asiya, jirgi na biyu kuma daga na Turai zai tashi. Tsakaninsu tafiyar sama da awa guda ce a mota, in hanya ta cushe ta kai biyu. Abin da ya fi haka nauyi, sai an shiga ƙasar Turkiyya kafin a yi wannan tafiya, a buga fasfo, a karɓi kaya, a fita titi. Maigida zai wuce ba biza, domin Turkiyya ta ɗauke wa 'yan Saudiyya biza tun ƙarshen 2023. Ni kuwa ba mai barina in tsallake teburin jami'an shige da fice. Ƙila ma tun a Jidda za a hana ni hawa. Da na ji haka sai da jikina ya yi sanyi, don kuɗin da na kusa biya ba mai dawowa ba ne.

Ko da filin ɗaya ne, in ji Ustaz, ba zai sayar mana da tikiti biyu daban-daban ba. Ya yi mini bayani a hankali, kuma ina so duk mai karatu ya riƙe shi. In aka haɗa zango biyun a hajzi ɗaya, wato kamun kujera ɗaya, lamba ɗaya, to in jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, nauyin kamfanin ne ya sa ka a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kayanka kuma tun daga Jidda ake manna musu takardar inda za ka ƙare. In kuwa tikitin daban-daban ne, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. A wurinsa kai fasinja ne da bai zo ba, kujerarka ta tafi, sau da yawa har ta dawowa ake sokewa. Bambancin kuɗin ya kai kusan riyal 900 a kan kowannenmu, kuma na ji zafinsa a lokacin.

Ya duba wasu hanyoyin a gabanmu, bai ɓoye allon kwamfutarsa ba, abin da ya burge ni. Ta Landan ya ce a'a, domin mai fasfon Nijeriya yakan buƙaci bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana riƙe da wasu takardu irin bizar Amurka ko ta Kanada. Ta Jamus ko Faransa za ta yiwu, tunda zan riga in sami bizar Shengen, wadda ƙasashen Turai da yawa suka haɗu a kanta, amma a can za a fara buga mana fasfo, layin kuma yakan yi tsawo a lokacin hutun bazara, ga tazarar da suka bayar ba ta kai awa biyu ba. Muka tsaya a kan Istanbul, babban filin, da tazarar awa huɗu, ba fita waje.

Inda muka yi gardama sosai shi ne ranar tashi. Ni Asabar nake so, mu kwana ɗaya a Kofenhagen, don otal ɗin can tsada gare shi. Ustaz ya ce Juma'a, kwana biyu. Ya buɗe jadawalin jirgin ruwan ya sa yatsa. Ranar Lahadi ana rufe shiga tun kamar awa biyu kafin tashi. Litinin jirgin yana tsakiyar teku, ba ya tsayawa ko'ina. Talata sai Hellesylt, wani ƙauye a ƙuryar duwatsun Norwe da ba shi da filin jirgi. Duk wanda jirgin ya bari sai ya sayi sabon tikiti zuwa Alesund, ya nemi mota, ya biya otal na kwana biyu, duk daga aljihunsa, kuma kwanakin da suka wuce ba mai mayar masa.

"Hajiya," ya ce, "jirgin sama in ya bar ki akwai wani gobe. Wannan kuwa mutum dubbai ne a cikinsa, ba zai tsaya jiran mutum biyu ba."

Maigida ya ce a yi yadda Ustaz ya faɗa. Na yarda, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Na kuma so mu yada zango a Istanbul a hanyar tafiya, in yi sayayya. Nan ma ya juya mini lissafin: a dawowa za a yi. Dalilinsa biyu. Ɗakin jirgin ruwa ƙarami ne, akwati ma ƙarƙashin gado ake tura shi, ina za a kai labule da kwanuka da dogayen riguna na tsaraba? Na biyu, duk wani zango kafin jirgin ruwa ƙofa ce ta matsala, wanda ke bayansa kuwa ko an makara ba abin da aka rasa sai kwana. Wannan shawara ita ce mafi kyau da na samu a ofishin bayan ta kwana biyun.

Aikin takardu ya ci wata uku. A nan yaron ofishin, wani matashi ɗan Agadas mai haƙuri, ya ɗauki yawancin wahalar. Biza ɗaya ta Shengen ta isa duk tafiyar, domin Norwe ko da ba ta cikin Tarayyar Turai tana cikin yankin Shengen, haka Jamus inda jirgin ke tsayawa a Kiel. Ƙa'ida ita ce a nema a wurin ƙasar da za a fi daɗewa, suka ƙirga: Danmak kwana huɗu, Norwe uku, Jamus ɗaya, don haka Danmak. Kuɗin bizar yuro 90 ne ban da na cibiyar karɓar takardu, sai inshorar lafiya da ba ta gaza yuro 30,000 ba. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45. Tamu ta ɗauki kusan mako uku. Sun sa mun nemi mai shiga da yawa ko da yake jirginmu ba ya fita yankin, suka ce wanda jirginsa zai taɓa Ingila ko Tunisiya kuwa wajibi ne a kansa, in ba haka ba bizarsa ta mutu tun a tashar farko ta waje. Sai da fasfona ya dawo sannan aka kai shi neman bizar Turkiyya, tunda fasfo ɗaya ba ya zama a ofis biyu. Wannan jeri da kansa dalili ne na fara shiri da wuri.

Na gida kuma, yaron ya duba cewa igamata da fasfona duk suna da sauran rai sosai bayan ranar dawowa, fasfo aƙalla wata shida. Maigida ya fitar mini da huruj da auda, wato izinin fita da dawowa, a manhajar gwamnati ta Absher, riyal 200 na wata biyu. Suka buga mini shi a takarda, suka ce in ajiye, za a iya nema a teburin jirgi ranar dawowa. An kuwa nema a Istanbul.

Yanzu in faɗi inda suka fara ba ni haushi. Daga ƙarshen Mayu zuwa bayan babbar salla ofishin kamar an rufe shi. Aikin alhazai ya cinye su. Na aika saƙon WhatsApp sau uku ina tambayar kujerunmu da keken guragu da muka ce a nema wa maigida a filin jirgi, kwana tara ba amsa. Na san yadda Jidda take a wannan lokaci, ba wanda ke barci. Amma wanda ya karɓi kuɗin hidima, riyal 300 a kan kowane mutum, layi ɗaya na "mun gani, bayan Arfa za mu duba" bai fi ƙarfinsa ba. Sai da na tako da ƙafata. Aka yi abin cikin minti goma, Ustaz ya ba da haƙuri, amma kwana taran nan ban yi barci mai daɗi ba.

Muka tashi daren Juma'a 11 ga Yuli, kafin asuba. Sun rubuta mana a takarda wace tasha za mu nufa a filin jirgin Sarki Abdul'aziz, domin sabuwar tasha ta ɗaya da tashar arewa ba kusa suke ba, wanda ya yi kuskure sai ya sake hawa mota. Jirginmu ya makara wajen awa biyu kafin ya tashi. Tafiyar Istanbul kusan awa huɗu ce, muka sauka da saura ƙasa da awa biyu. Filin nan faɗi gare shi kamar gari, da ƙafa maigida ba zai kai ƙofar a kan lokaci ba. Mai keken yana jiranmu a bakin jirgi, ya bi da mu ta layin masu buƙata ta musamman, muka isa ana kiran fasinjoji. Da tazarar awa ɗaya da rabi muka saya, wadda ta fi araha, da mun kwana a can.

Mu mun kai, akwati ɗaya bai kai ba. Muka tsaya a gaban bel ɗin kaya a Kofenhagen har ya daina juyawa. Babban akwatin ne, mai rigunan sanyi. Na cike takardar ɓatan kaya a teburinsu, na ba da ɗan guntun lambar da ake mannawa a bayan tikiti, wanda yaron ofis ya ja mini kunne kada in yar, na rubuta adireshin otal. Abin da ya rage mana zafi shi ne shawarar Ustaz tun a Jidda: kada a yi akwatin miji da akwatin mata, a raba kayan kowa biyu, sannan magani da allurai da wasiƙar likita su zauna a jakar hannu. Akwatin ya iso otal ranar Asabar bayan la'asar. Na zauna a bakin gado ina kallonsa ina lissafi: da Asabar muka taso kamar yadda na nace, da ya iso jirgin ruwa ya riga ya tafi, da mun shiga duwatsun Norwe da kayan Jidda. A nan na aika wa Ustaz saƙo na ce Allah ya saka da alheri, ya amsa da "Alhamdu lillahi, Hajiya, ku huta."

Kwana biyun kuma ba asara ba ce. Otal ɗin yana kusa da tashar jirgin ƙasa, daga filin jirgi kamar minti goma sha biyar. Maigida ya yi barcin da ya rasa, ƙafarsa da ta kumbura ta saɓe. Asabar muka je unguwar Norrebro, inda shagunan halal da masu shawarma suke jere, muka yi azahar a babban masallacin da Katar ta gina aka buɗe a 2014, muka zauna a bakin ruwan Nyhavn muna kallon gidaje masu launi-launi. Ofishin sun gaya mana cewa Danmak da Norwe ba yuro suke amfani da shi ba, kowacce da nata kurona, kuma kati ya wadatar kusan ko'ina. Haka muka tarar, ban canza ko sisi ba. Sun kuma rubuta mana sunan matsayar da jirgin yake, Oceankaj, domin birnin yana da matsaya fiye da ɗaya, direban tasi kuma zai tambaya.

Tafiyar ruwan kanta ba ita nake bita ba, amma ba zan wuce ba tare da na ce wani abu ba. Da safiyar Talata na fito baranda na ga dutse a tsaye kamar bango a dama da hagu, ruwa shiru kamar madubi, farin ruwa yana gangarowa daga sama a wuri bakwai jere. Mashigin Geiranger ke nan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2005. Maigida ya daɗe a tsaye bai ce komai ba, daga baya ya ce da kakansa ya ga irin jirgin da jikansa ya hau. A Flam muka hau jirgin ƙasan da ke hawa dutse, kilomita 20 kacal amma yana haurawa sama da mita 860, ta ramuka ashirin da aka huda a cikin duwatsu.

A cikin jirgin ne sauran gazawar ofishin ta fito, kuma ita ce ta fi ci mini rai, domin Musulmi ne suka shirya wa Musulmi tafiya. Ba wanda ya nema mana abincin halal. Da na tambayi shugaban masu hidimar ɗakin cin abinci, ya ce irin wannan buƙata ana rubuto ta ne makonni kafin tafiya, ta hannun wanda ya yi hajzi. Mako guda muka yi a kan kifi da ƙwai da ganye da burodi, kullum ina tambayar ko an sa giya a miya. Ba mu ji yunwa ba, kifin ƙasar ma daɗi gare shi, amma mai ciwon suga da aka ƙayyade wa abinci bai kamata a bar shi yana lalube ba, alhali saƙo ɗaya ne da ya isa.

Haka maganar salla. Ba wanda ya ce mana komai, ni ma ban yi tunani ba. A Kofenhagen rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare, a Geiranger kusan sha ɗaya, kuma jan sama ba ya gushewa sosai har gari ya fara wayewa wajen huɗu. Manhajar salla ta wayata ta rikice, tana ba ni isha da asuba kusan a manne. Sai da maigida ya kira wani malami abokinsa a Makka, ya tuna mana rangwamen matafiyi, mu yi kasaru, mu haɗa magariba da isha. Alƙibla kuma tana juyawa da juyawar jirgi, sai mu duba kafin mu tayar. Ofishin da ke aika mutanenmu arewacin Turai a tsakiyar bazara ya kamata ya ajiye 'yar takarda a kan wannan, ko ya ce je ku tambayi malami kafin ku tashi.

Akwai kuma kuɗin hidima da jirgin ke ɗora wa kowane fasinja kowane dare, yuro goma sha wani abu, yana shiga lissafin katin da mutum ya ajiye ranar shiga. Ba ya cikin jimlar da aka ba mu a Jidda. Ba ɓoyewa suka yi ba, na yarda, yana cikin ƙananan rubutun takardar kamfanin. Amma ai don kada in karanta ƙananan rubutu ni kaɗai na je wurinsu. Abin da suka tuna suka gaya mana shi ne mu kashe layin waya da zarar an bar gaɓa, domin a tsakiyar teku wayar kan kama hanyar tauraron ɗan adam ta jirgin, mai tsadar gaske. Wannan ya cece mu, wata mata da muke cin abinci tare ta yi kuka da nata lissafin.

Ranar dawowa Ustaz ya ƙi sa mu a jirgin rana, ya zaɓi na yamma. Na gane dalili da na ga yadda ake sauka: tun daren Asabar ake ajiye akwatuna a ƙofar ɗaki, da safe ana kiran mutane rukuni-rukuni bisa launin takardar kayansu, ga layin tasi a waje. Mun fito wajen goma da rabi, ba gaggawa.

Zangon Istanbul kwana uku ne, kuma an tsara ranakun da ilimi. Mun sauka daren Lahadi, ranar da babbar kasuwar Kapalicarsi take rufe, don haka ba mu rasa komai ba. Ya rubuta mana cewa fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, mu je Litinin mu ga ɗakin kayan tarihin Musulunci, Talata mu yi kasuwa. Muka yi salla a Aya Sofiya, wadda aka mayar masallaci a 2020. Abin da maigida ya fi so shi ne ziyarar unguwar Ayyub, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a gidansa a Madina. Mutumin da ya saba da Madina tun yana yaro, ya tarar da mai masaukin Annabi a wannan nisa, hawaye ya yi.

Otal ɗin kuwa kuskure ne. A taswira yana kusa da tashar taragon cikin gari, a ƙasa kuma yana kan tudu mai tsayi, hanyar duwatsu ce aka shimfiɗa, mota ba ta kaiwa ƙofa, ga matakala kafin a kai ga lif. Ofishin da ya tuna da keken guragu a filin jirgi ya manta da guiwar nan a wurin kwana. Kowace fita sai mun tsaya sau uku a hanya. Da muka dawo na faɗa wa Ustaz ba tare da kwana-kwana ba. Bai kare kansa ba. Ya ce bai taɓa taka wurin ba, hoto ya bi da farashi, ya cire otal ɗin daga jerinsa a gabana, ya kuma mayar mana da kuɗin hidimar mutum ɗaya. Ban nema ba.

In aka tambaye ni ko a je wurinsu, ina cewa a je, musamman gidan da fasfo ya bambanta, ko mai igama, ko mai tafiya da dattijo. A lissafin jirgin sama da tazarar zango da biza, ban ga wanda ya kai wannan dattijo ba, kuma bai taɓa tura mu ga abin da ya fi tsada don ribarsa ba, sau biyu ma ya hana mu kashe kuɗi. A abin da ya shafi rayuwa cikin jirgin ruwa kuwa sababbi ne, fasinjojinsu na irin wannan tafiya ba su da yawa. Wanda zai je ya rubuta tambayoyinsa tun daga gida: abinci, kuɗin hidima na kowane dare, ko otal yana kan tudu, ko mota na kaiwa ƙofa. Ya kuma gama duk abin da yake so kafin watan Zulƙida ya shiga, don daga nan hankalinsu ya koma kan alhazai.

Makon jiya muka biya ta ofishin muka kai masa tsarabar zuma da muka sayo a Istanbul. Maigida ya sake tayar da maganar Alaska, yana cewa guiwar ta yi sauƙi. Ustaz ya yi dariya, ya jawo kalanda, ya ce in da gaske yake mu kawo fasfo shekara guda kafin lokacin, a fara da nawa, kuma kwana uku za mu yi a Bankuba kafin jirgi, ba biyu ba. Maganar abinci kuma, ya ce, wannan karon a gabana zai rubuta wa kamfanin, in ga amsarsu da idona kafin mu biya ko riyal ɗaya.